Tulun Sulochana Ya Je Kwaleji

Sulochana Tambe ba ta sayen mangwaro daga saman kwando. Duk dillalan kasuwar Gangakhed sun san haka, shi ya sa da sun hango ta tafe da lema a hannu da 'yar wuƙa a ƙugu, sai su fara sauke kwanduna da kansu. Za ta tura hannu har gwiwa, ta zaro ɗaya daga can ƙasa, ta tsaga shi biyu, ta dubi ƙwallon, ta lasa. In tsaminsa bai kashe mata haƙora ba, ta yi gaba, ko ciniki ba ta tsayawa yi.

Shekara ashirin da biyu ke nan da aka kawo ta gidan Tambe. Ta tarar surukarta na haɗa lonche tulu uku duk bazara, na gida kawai: ɗanyen mangwaro a yanka ƙanana, a cuɗe da gishiri da barkono da hulba da kurkum, a nutsar a man gyaɗa, a ɗaure bakin tulun da ƙyalle, a yi shekara ana lasa da gurasar dawa. A daminar farko Sulochana ta zauna tana ƙirga kwanukan da maƙwabta ke aikowa a ɗan sam musu. Da ta kai goma sha huɗu, sai ta ce wa mijinta Datta, abin da mutum goma sha huɗu suka iya roƙa, mutum ɗari za su iya saya. Datta direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanyar Nagpur take. Ya ce ta yi abin da ta ga ya dace, ya juya ya ci gaba da barcinsa. Yau tuluna arba'in ne jere a ɗakin baya, mata tara ke yanka tare da ita, har daga Nanded ana aiko da saƙo a ajiye.

Da kuɗin lonche aka zuba wa gidan rufin kankare. Da shi aka sayi ɓauna mai ba da madara. Da shi kuma Sayali ta yi karatu tun daga aji ɗaya.

Sayali ita ce 'yarsu tilo, doguwa, mara yawan magana. Tun ranar da makarantarsu ta kai su ziyara wata masana'antar madara, ta dawo ta ce ita kimiyyar sarrafa abinci za ta karanta, ba ta sake canza baki ba. Ta zauna jarrabawar shiga, ta ci, amma makinta ya gaza kaɗan ga kwalejin gwamnati ta Parbhani, inda kuɗi ba su da yawa kuma kowa ke rububi. Abin da ya rage shi ne kwalejojin 'yan kasuwa, waɗanda suka tsiro a kowace hanya ta yankin. Kafin ƙarshen wata sai an je shagon kwamfuta an jera waɗanda ake so, ta farko zuwa ta ƙarshe. Inda aka ba yarinya, can za ta yi shekara huɗu, can kuma uwarta za ta yi shekara huɗu tana biya.

Ana cikin wannan ne damina ta kankama. Wata safiya Sulochana ta shiga ɗakin baya ta kwance ƙyallen tulun da ke jikin bango, sai ta ga wani abu fari kamar auduga kwance a kan man. Ta buɗe na kusa da shi, haka. Ta bi layin gaba ɗaya. Da ta fito, surukarta, wadda kowa a gidan yake kira Aaji, wato kaka, tun haihuwar Sayali, tana zaune a dokin ƙofa tana goga garin taba a haƙora.

"Nawa?" in ji Aaji, ba ta ko ɗago ba.

"Bakwai. Duk na jikin bango."

"Uhm. Ran da kuka haɗa na bangon nan, wa ya riƙe miki muciya?"

Sayali, da ke wanke kofunan shayi a tsakar gida, ta ce, "Aaji, juyi biyu kawai na yi fa."

"Juyi biyu, kina cikin kwanakinki na wata. Ko rabin juyi ne, tulu ba ya so. Uwar mijina ba ta bari inuwar mai al'ada ta faɗa wa ɗakin nan, shi ya sa ba ta taɓa zubar da cokali ɗaya ba." Ta tofar da tabar. "Hannun da ya kashe tulu bakwai shi ne za a zuba wa dukiya ya je koyon abinci? Ga kwaleji nan bayan tasha. Ki shiga ki fito malama, ki riƙa dawowa gida cin abincin rana."

Sayali ta sunkuyar da kai kan kofunan. Sulochana kanta da wannan doka ta tashi, ita ma ta kiyaye ta shekara ashirin da biyu. Ranar nan hannu ne ya yi ƙaranci, mata biyu sun tafi biki, ta kira yarinyar ba ta tambaye ta komai ba.

Da hantsi sai ga Prakash, ƙanin Datta, a kan babur, da baƙin tabarau duk da hadarin da ya rufe gari. Prakash ya sayar da inshora, ya sayar da filaye, ya sayar da maganin ƙwari. Bana kwalejoji yake sayarwa.

"Vahini, matar yaya, ki daina jan fuska, ga magani na kawo." Ya shimfiɗa wata takardar talla mai sheƙi a kan tabarma. "Kan babbar hanyar Nanded. Bene hawa huɗu, gaba duk gilashi. Injuna daga Jamus. Mai wurin abokina ne, tare muke cin abinci."

"Nawa, Bhauji, ƙanin miji?"

"Ke dai kullum nawa. Ki dubi hoton tukuna."

"Na gani. Nawa?"

"Rupi dubu ɗari da goma a shekara. Da wurin kwana da abinci, ɗari da saba'in. Amma saboda ni za a duba."

"Saboda kai za a duba ni, ko saboda ni za a duba ka?"

Prakash ya yi dariya har da dukan cinya. "Vahini, bakinki ya fi lonchenki yaji. Ɗan kuɗin shayi ne, wa yake aiki a banza?"

Ba ta buƙatar alƙalami. A shekara mai kyau ribar tuluna arba'in ba ta kai abin da ya faɗa ba, bana kuwa talatin da uku ne. Shekarar farko sai an sayar da ɓauna. Ta biyu kuma babu wata ɓaunar. Idan har za a yi haka, to wurin ya zama ya cancanta. In kuwa ba a sami wurin kirki da kuɗinta za su kai ba, maganar Aaji ce za ta tabbata, Sayali ta shiga kwalejin bayan tasha.

Ta tattara takardun talla har shida. Duk shidan sun ce su ne na ɗaya a duk yankin Marathwada. Biyu daga ciki ma yarinya ɗaya ce a hoton, da farar riga, tana murmushi tana ɗaga kwalba. Sulochana ta juya su gaba da baya, ta ga ba ta da inda za ta tura hannu ta zaro na ƙasa.

Dabarar ta zo mata ne tana shirin kwashe ɓataccen lonchen ta zuba a rami. Ta tsaya da ludayi a hannu. Mutanen nan sun ce su likitocin abinci ne. To ga abinci ba shi da lafiya. Ta ɗauko ƙaramin tulu, ta cika shi har da funfunar, ta ɗaure, ta naɗe da tsohon zanen sari, ta tura a jaka.

Kwalejin gilashi suka fara zuwa, ita da Sayali a jar bas ta gwamnati, Prakash ya riga su a babur. An zaunar da su a ofis mai sanyi har Sulochana ta ja mayafi ta rufe kunne. Aka kawo shayi da biskit. Wani mutum mai laushin murya da zobe uku ya yi ta bayani, Prakash na gyaɗa kai kamar shi ya gina wurin. Da ya gama, ta kwance sarin ta ɗora tulun a kan teburinsa.

"Ranka ya daɗe, wannan ya lalace mini. Ina so 'yan makarantarku su duba su gaya mini dalili."

Mutumin ya ɗan ja kujera baya. "Tai, babbar yaya, wannan ai ƙaramin abu ne a wurinmu. Sai dai malamin sashen ya tafi taro."

"Ɗalibai fa?"

"Suna aji."

"To mu ga ɗakin gwaje-gwajen."

Aka nemo mabuɗi, aka daɗe ana nema. Ɗakin babba ne, fes, injuna na ƙyalli a jere, wasu da ledar da suka zo da ita a jikinsu. Prakash ya ce, "Kin gani? Jamus!" Sulochana ta bi ta gefen wurin wanke hannu, ta murɗa famfo a hankali. Ya yi tari, ya fitar da iska. Ta shaƙi ɗakin. Fenti kawai take ji. Ita kuwa a saninta, inda ake taɓa abinci kullum, ko an wanke shi sau goma, sai hanci ya tsinci wani abu.

A bakin ƙofa mai zobe uku ya ce ta bar tulun, za su aika Pune a gwada, rupi dubu biyu kacal. Ta yi godiya ta naɗe kayanta.

Kwaleji ta biyu a hanyar Parli take, kuɗinta sun ɗan fi sauƙi. Can wani malami ya leƙa tulun, ya toshe hanci, ya rubuta mata sunan wani farin gari da za ta riƙa barbaɗawa, ya ce shagon surukinsa na sayarwa. Ta tambaye shi me ya jawo funfunar, ya ce damina. Ta ce daminar ta sauka a kan talatin da ukun ma. Ya dubi agogo.

A bas Sayali ta ce wa uwarta, "Aai, ki bar yawo da tulun nan. Mutane na kallonmu. Wari yake."

"Su kalla. Kuɗin kallo ba ni zan biya ba."

"In dai don ki wanke ni ne a wurin Aaji, ki bari."

"Ke wa ya ce don ke ne? Kwando nake dubawa."

Ta uku takardarta ko launi babu, fari da baƙi, shafi ɗaya. Ɗaya daga cikin matan da ke yanka mata ce ta kawo, ta ce ɗan 'yar'uwarta can ya yi, yanzu yana aiki a masana'antar madara a Latur. Ƙungiyar manoma ce ta kafa ta, a wani ƙauye bayan garin Ausa. Da Prakash ya ji sunan sai ya cire tabarau.

"Wancan garken awakin? Vahini, rufin kwano ne fa! Ni ba zan ƙona mai na je can ba."

"Ba sa ba da na shayi ke nan."

"Ko ruwa ba sa bayarwa."

Su biyu suka tafi. Bas biyu, sannan babur mai ƙafa uku da ya yi ta faɗawa ramukan ruwa tsakanin gonakin waken suya. Prakash bai yi ƙarya ba: dogayen ɗakuna ne masu rufin kwano a bayan wani injin ɓarzar wake, bango ya yi kore da ruwan sama. Amma tun daga ƙofar shiga Sulochana ta ji ƙaurin madarar da ta kama tukunya, da ƙamshin gwaiba, da wani tsami kamar na ƙullu. Ta rage sauri.

Babu wanda ya ba su shayi. Akawu ya faɗi kuɗi ba tare da ya ɗago ba: dubu hamsin da biyar, kwana da abinci dubu ashirin. Da ta fito da tulun, ya nuna musu wata ƙofa da alƙalami. "Madam Pathan. In ta kore ku, ba ruwana."

Madam Pathan gajeruwa ce, mai furfura a goshi, farar rigarta duk tabon kurkum. Tana tsaye kan wasu ɗalibai da ke tace ruwan gwaiba tana faɗa. Ta saurari Sulochana rabi da rabi, ta buɗe tulun, ta kai hanci, ba ta yamutsa fuska ba.

"Ni ba na gwaji, Tai. Na gama nawa tun da daɗewa. Komal! Rukhsar! Ku bar tacen nan, ga aiki ya kawo kansa. Gishiri za ku fara dubawa." Ta juyo kan Sayali. "Ke ce mai son shigowa? To me kike yi a bayan uwarki? Wanke hannu ki zo ki auna musu."

Aka ba Sulochana kujerar ƙarfe a gefe. Ta zauna da jaka a cinya tana kallo. Famfon ɗakin yana zuba, har ɗiga yake an tara masa bokiti. Sayali ta auna ɗan lonchen a ƙaramin ma'auni. 'Yan matan biyu suka markaɗa shi da ruwa, suka tace, suka shiga ɗiga masa wani ruwa daga dogon bututun gilashi, ɗigo bayan ɗigo, har rawayan ya koma ja kamar bulo. Komal ta faɗi abin da ta samu. Madam Pathan ta leƙa kwalbar.

"Wannan ja ne ko jini? Kin wuce wuri, idonki na kan waya. Zubar, ku sake."

"Madam, ɗigo biyu ne kawai…"

"Ɗigo biyun nan abincin shekarar matar nan ne. Sake."

Sulochana ta gyara zama. Haka take yi wa masu yanka mata idan suka bar ɓawon ƙwallo ya yi kauri.

Suka sake har sau biyu. Madam Pathan ta duba lissafinsu, ta share hannu a riga.

"Gishirinki ya yi kaɗan, Tai. Kashi takwas cikin ɗari. Lonchen da zai shekara yana son goma sha biyu zuwa sama."

Sulochana ta miƙe tsaye. "Madam, ki faɗi wani abu daban. Da gwangwanin tagulla ɗaya nake awo tun kafin a haifi yarinyar nan. Mangwaro gwangwani shida, gishiri ɗaya. Ko a barci aka tashe ni ba na kuskurewa."

"Ban ce kin kuskure ƙirga ba. Wane gishiri?"

"Gishiri dai gishiri ne."

Sai Sayali ta yi magana, a hankali, tana kallon ma'aunin. "Aai, na ƙarshen nan ba na leda ba ne. Na leda ya ƙare, kika ce ya yi tsada, kika sayi na buhu a wurin mai amalanke. Mai manyan ƙwayoyin nan."

Madam Pathan ta aiki Rukhsar ɗakin girkin ɗalibai ta ɗebo iri biyu. Ta miƙa wa Sayali kofi ɗaya. Sayali ta cika shi da mai laushi ta auna, ta juye, ta cika shi da mai ƙwaya ta auna. Allurar ma'aunin ba ta kai inda ta kai da farko ba, da tazara mai yawa.

"Tsakanin ƙwaya da ƙwaya iska ce," in ji Madam Pathan. "Ga shi kuma na buhu da danshi yake zuwa, ruwa kika saya da kuɗin gishiri. In za ki yi da shi, ki shanya, ki daka, ki auna da kilo, ki bar gwangwani."

Sulochana ta tsaya tana kallon kofin. Rupi ɗari uku ta rage a kan buhun nan, ta ji daɗi har ta ba matan yanka labari. Sannan ta matso kusa, ta rage murya.

"To hannun mutum fa? Ina nufin, in mace tana cikin kwanakinta ta taɓa."

"Jiƙaƙƙen hannu yana ɓata lonche. Jiƙaƙƙen ludayi ma haka. Ban da wannan, tulu bai san wa ya taɓa shi ba. 'Yan mata sittin gare ni a nan, in da haka ne da kullum muna zubar da kaya." Ta riga ta juya. "Komal, ruwan gwaiban nan zai tace kansa ne?"

Kafin su tafi Sulochana ta ce sai ta ga wurin kwana. Gado takwas a ɗaki ɗaya, igiyar shanya ta ratsa tsakiya, rufin na yoyo a kusurwa. Wata ɗaliba ta ce da bazara ruwan wanka sai tanka ta kawo, wani lokaci ba ta zuwa. Ta leƙa tukunyar abincin rana: miyar wake tsararo, gurasar dawa mai kauri. Ta tambayi inda waɗanda suka gama suke aiki. Aka lissafa mata masana'antar madara, injinan mai, kamfanin biskit a Hyderabad, wasu kuma suna gida suna nema. Babu wanda ya ambaci Jamus.

Suka shiga bas ta biyu. Fuskar Sulochana a ɗaure, tulun a cinya. Sayali ta yi ta satar kallonta.

"Aai, kin ji haushi."

"Matar nan ba ta da ladabi. Ko zauna ba ta ce mini ba sai da ɗaliba ta kawo kujera."

"To a bar ta."

"Wa ya ce a bar ta? Ke kin ga ɗakin kwanan. Za ki iya?"

"Zan iya."

"Kar ki ce mini za ki iya yau, wata biyu ki bugo waya kina kuka ruwa bai zo ba."

"Aai, sun bar ni na auna. Ban ma shiga ba."

Sulochana ta juya ta dubi gonaki ta taga.

Abin da ya rage shi ne Aaji, kuma shi ya fi nauyi. Ba a fitar da 'ya daga gidan Tambe ta kwana wani gari ba da yawun tsohuwar ba, Datta ma ta waya abin da zai ce ke nan: me Aaji ta ce? Sulochana kuwa ba ta da hanyar wanke hannun Sayali sai ta ɗora laifin inda yake. Washegari da safe, matan yanka sun zo cika kwalabe, ta fito tsakar gida da gwangwanin tagulla da ma'aunin da ta aro a shagon kusa. Ta auna gishirin leda a gabansu, ta auna na buhu. Ta faɗi abin da aka gaya mata ba ragi.

"Ni na kashe tulu bakwai, Aaji. Arha na bi."

Ɗaya daga cikin matan ta rufe baki da mayafi. "Sulochana Tai da kanta? Yau sai a yi ruwa da ƙanƙara."

"Ki yi dariyarki ki gama, kwalabe na jira."

Aaji ta sa aka kawo mata gwangwanin. Ta ɗebi gishirin buhu ta murza a tafin hannu, ta ɗanɗana.

"Mu a da dakawa muke yi," ta ce. "A turmi, bayan an shanya. Ku 'yan leda kun manta." Ta kakkaɓe hannu. "Gishiri ya yi kaɗan, na yarda. Hannu kuma ya taɓa. Biyu ne suka haɗu."

"Aaji!" in ji Sayali.

"Ke rufe mini baki, ba da ke nake ba. Ita malamar, mace ce?"

"Mace ce," in ji Sulochana. "Ta kusa sa'ar ƙanwarki. Masifaffiya."

"Tana duka?"

"Da baki."

"To da sauƙi. Yarinyar nan kun sangarta ta, tana buƙatar mai yi mata tsawa." Ta jawo gwangwanin tabarta. "Ku kai ta. Amma in ta zo hutu, ɗakin tuluna da dokarsa, ko ta zama likitar gishiri."

Prakash ya zo da yamma ya ji labari, ya zauna a kan babur bai sauko ba.

"Vahini, kin zubar mini da mutunci. Na riga na gaya wa mutumin 'yar wana ce."

"Ka gaya masa ya gyara famfo, Bhauji."

A shagon kwamfuta yaron shagon ya tambaya har sau biyu ko sun tabbata wannan za a sa a farko, don bai taɓa jin wanda ya sa ta a farko ba. Sulochana ta ce ya danna. Da sakamako ya fito, can aka ba Sayali. Dubu saba'in da biyar a shekara: tuluna talatin da uku za su ɗauka, da ƙyar, in ba a yi sabon sari ba bana, ɓauna kuma tana nan a turkenta.

Ranar kai ta, Datta ya samu ya biyo da babbar motarsa, ya sauke su a mararraba da akwatin ƙarfe da katifa a naɗe da bokiti biyu, don Sulochana ta ce ɗaya ba ya isa inda ruwa ke yanke wa. Ita ta zaɓi gadon da ya fi nisa da yoyon, ta girgiza shi ta ji ƙarfinsa, ta ɗaura gidan sauro, ta nuna wa Sayali inda za ta ɓoye mabuɗi. Ta yi wa 'yan ɗakin tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, garinsu da sana'ar iyayensu, har Sayali ta ja ta waje.

"Aai, bas za ta wuce ki."

"Ki ci abinci ko ba daɗi. An biya."

"To."

"In matar nan ta ce ki sake, ki sake, kar ki tsaya gardama."

"To, Aai."

A bakin ƙofar fita wasu ɗalibai sun kafa tebur suna sayar da biskit ɗin gero da suka gasa a aji. Sulochana ta sayi ƙunshi ɗaya don hanya, idonta na ɗan yaji, ta ɓare ta gatsa tana tafiya. Ta tauna. Ta juya ƙunshin ta dubi farashin. Sai ta dawo da baya.

"Kai, wa ya yanka muku kuɗin nan? Man shanu ne fa a ciki, na ji. Rupi goma? Kun sa kuɗin leda? Kuɗin wuta fa?"

Ɗaliban suka dubi juna. Mai babur mai ƙafa uku ya yi ta danna ƙaho a bakin hanya. Ta ɗaga masa hannu ya jira, ta ajiye jaka a kan teburin, ta ce su kawo takarda a yi lissafi.